Daga SONARA zuwa akwatin Mata Masu Dubara: tarihin tallafin gwamnati ga ƙananan ƴan kasuwa a Nijar

Tun daga 3 ga watan Agusta 1960 da Nijar ta samu mulkin kai, kusan kowace gwamnati da ta ɗan jima bisa karaga ta kafa wata ma'aikata ko wani asusu da sunan taimakon ƙananan ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu. Dattawa sun san BDRN da UNCC da COPRO-Niger. Waɗanda suka biyo bayansu sun san OPEN da PAIPCE. Matasan yau suna jin sunan Maison de l'Entreprise da FONAP. Mafi yawan na farkon sun mutu, wasu ma ginin kaɗai ya rage. Amma tela da maƙeri da mai tebur da mai ƙuli-ƙuli suna nan inda aka bar su, sun ga fari, sun ga rufe iyaka, sun ga karyewar kuɗi, kuma gobe da safe za su buɗe. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: a cikin duk abin da gwamnatoci suka kashe, wanne ne ya kai ga waɗannan mutane, wanne ne ya tsaya a hanya? Waiwaye adon tafiya ne, sai mu koma baya mu duba.

Jarin farko daga bashin gyaɗa ya fito

Kafin zuwan Nasara, kasuwanci a ƙasar Hausa bai jira kowa ba. Ayarin raƙuma na tashi daga Damagaram zuwa Tarabulus, fatake na zuwa Gwanja ɗaukar goro, kuma har yau ana tuna attajirai irin su Malam Yaro na Zinder. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kaya suka juya zuwa bakin teku, hanyar Sahara ta yi sanyi. A 1926 kuma Faransawa suka ɗauke babban birni daga Zinder suka kai Yamai.

Abin da ya maye gurbin ayari shi ne gyaɗa, wadda mutanen yamma ke kira gujiya. Bature ya ɗora lanho, ya ce da kuɗi za a biya, don haka dole manomi ya noma abin da zai sayar. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA da CNF, tare da wasu ƴan Labanan, suka kafa kantuna a Maraɗi da Zinder da Tasawa da Magarya. Su ba sa shiga ƙauye. Sai su ba wani amintacce kuɗi a farkon kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su bi kasuwannin ƙauye da sikeli suna saye. In an gama kaka a yi lissafi, wanda ya cika alkawari a ƙara masa baɗi, wanda ya ci amana a yanke shi. Daga cikin waɗannan masu sayen gyaɗa ne aka samu da yawa daga cikin attajiran da aka sani da Alhazan Maraɗi, waɗanda wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986.

A gefe guda kuma gwamnatin mulkin mallaka na da nata irin taimakon. A shekarun 1930 ta shimfiɗa ƙungiyoyin tanadi da ake kira SIP, waɗanda ke ba da rancen iri, aka kuma tilasta rumbunan tsimi bayan yunwar 1931. Kumandan ne shugaban ƙungiya, shiga dole ce, biyan kuɗin shiga ma dole ne. Talaka bai taɓa ɗaukar ta a matsayin tasa ba, a wurinsa wani lanho ne aka sake wa suna. Tun daga nan hanyoyi biyu suka rabu: bashin da ke tafiya bisa sanayya tsakanin ubangida da baransa, da taimakon da ke saukowa daga biro.

Zamanin Diori: gwamnati ta zama ƴar kasuwa

Lokacin da Diori Hamani ya karɓi ƙasa, babu bankin ƴan ƙasa, babu masana'anta ta a zo a gani, kuma gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da ake samu daga abin da ake fitarwa waje. Ribar kuwa kamfanonin Turawa ke kwashewa. Saboda haka shawarar da aka yanke tana da hujja. A 1961 aka kafa bankin raya ƙasa BDRN da taimakon wani banki na Tunisiya. A 1962 aka kafa SONARA don cinikin gyaɗa, da COPRO-Niger don shigo da kayan masarufi, da UNCC don ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma. A 1967 aka ƙara asusun rancen noma CNCA, a 1970 kuma OPVN mai kula da hatsi.

Wannan tsari ya yi wani abu da ba za a musa ba: ya rage ƙarfin kamfanonin waje, ya ba ƴan ƙasa wuri. Ɗan kasuwar da SONARA ta amince masa ya saya mata gyaɗa, ko COPRO ta ba shi iznin ɗaukar sukari da gishiri da shayi da fulawa a sari, ko BDRN ta buɗe masa ƙofar rance, ya tashi daga mai kanti ɗaya ya koma mai motoci da sito. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya ƙara musu kasuwa, saboda arewacin Najeriya ya buƙaci kaya ta wasu hanyoyin.

Amma mu lura da ƙofar da taimakon ya bi. Izni takarda ce, takarda kuwa wani ke sa mata hannu. Wanda ke da gida mai takardar mallaka da zai ba banki jingina, kuma yana da wanda zai yi masa magana a Yamai, shi ya samu. Mai tebur a kasuwar Tasawa bai san BDRN ba sai a baki. Shi dai yana ɗaukar kaya bashi wurin Alhaji, ya sayar, ya kawo kuɗi ranar kasuwa. Manomi kuma SONARA ke yanka masa farashi, abin da ya rage tsakanin farashinsa da na kasuwar duniya ya shiga baitulmali. Duk shekarar da farashi ya fi kyau a Najeriya, buhuna sai su tsallaka da dare bisa jakuna da raƙuma. Talaka ya nuna ra'ayinsa game da tsarin ba tare da ya yi jawabi ba.

Fari, yuraniyom da OPEN

Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1973. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya kifar da Diori. A 1975 kuma darɓa ta yaɗa cuta a gonakin gyaɗa, amfanin shekarar ya lalace. Daga nan gyaɗa ba ta sake komawa matsayinta ba. Manoma suka koma ga gero da wake, SONARA ta koma sayen wake, matatun mai na Maraɗi da Matamaye da Magarya suka rasa abin matsewa. Matan da ke soya gyaɗa a gida suna fitar da mai da ƙuli-ƙuli kuwa ba su tsaya ba, don su tiya kaɗan ta ishe su aikin yini, kuma ba su da albashin ma'aikata da za su biya.

Allah ya kawo sauƙi ta wata hanya. SOMAIR ta fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ta bi baya a 1978, farashi ya hau, kuɗi suka shigo. Najeriya ma tana cikin arzikin man fetur, kuma ta hana shigo da wasu kaya ta tashoshinta. Ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da Zinder suka gane ƙofar: a sauke taba da atamfa da shinkafa a Kwatano ko Lome, a kawo Nijar, a biya duwan, a tsallakar da su kudu. Wannan ciniki ya yi attajirai, ya kuma cika aljihun gwamnati, amma rayuwarsa duka tana rataye ne ga dokar wata ƙasa.

A 1978 gwamnati ta kafa OPEN, ma'aikatar da aka ɗora wa aikin taimakon ƴan ƙasa su kafa ƙanana da matsakaitan kamfanoni: ta duba musu tsarin aiki, ta horar da su, ta raka su banki. An so attajiri ya fitar da kuɗinsa daga saye da sayarwa ya zuba a masana'anta. Wasu sun gwada. Amma ɗan kasuwa ya iya lissafi. Kuɗin da ya sa a tirelar shinkafa na dawowa cikin makonni, wanda ya sa a inji kuwa sai shekaru, ga tsadar lantarki, ga kayan gyara daga Turai, ga kayan Kano da Kaduna masu araha suna shigowa. Shawara daga biro ba ta iya sauya wannan lissafi ba.

Sai dai a wannan zamani ne aka yi wasu ayyuka da ba a kira su tallafin ƴan kasuwa ba, alhali su ne suka fi amfanar su. An shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit. An kafa ONAHA a 1978, aka gyara filayen noman rani a Ƙonni da Galmi da Jiratawa. Bayan farin 1984 Kountché ya matsa wa jama'a su rungumi noman rani. Albasar Galmi da ake lodi zuwa Abijan da Akara, da zogalen Jiratawa da ke cika kasuwannin Maraɗi, suna cin moriyar wannan aiki har gobe. Hanya ba ta tambayar direba ko ɗan wane ne shi.

Shekarun rushewa

Daga 1980 farashin yuraniyom ya fara faɗuwa, bashin da aka ciwo lokacin daɗi ya zo biya. A 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da asusun lamuni na duniya FMI. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Buhari ta canza takardun naira ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai Maris 1986. Rufewar ta haɗu da fari, shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran yunwar wannan shekara da sunan El Buhari. A ƙarshen 1986 kuma Najeriya ta saki naira ta faɗi, kayanta suka ƙara araha, dabbobin da muke kai musu suka rage daraja in an juya kuɗin zuwa sefa.

Ƙarƙashin tsarin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da FMI aka fara kwance abin da aka gina tun 1961. An rusa UNCC a 1984. An karɓe wa COPRO-Niger da OPVN ikon da suke da shi su kaɗai a kasuwa. SONARA da CNCA da OPEN duk suka bi. A 1990 aka rufe BDRN kanta, aka kafa SONIBANK bisa abin da ya rage mai kyau. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin da ya kashe BDRN ba na masu tebur ba ne. Manyan rance ne da aka ba manyan mutane da kamfanonin gwamnati, ba su dawo ba. Waɗanda ba su ci ba su suka biya, don bayan haka bankuna sun daɗe suna tsoron duk wanda ba shi da jingina mai nauyi.

A 1987 an fito da PAIPCE. Manufarsa ita ce a rage ma'aikatan gwamnati: wanda ya yarda ya ajiye aiki a ba shi kuɗi ya kafa sana'a. A takarda abin ya yi kyau. A kasuwa kuwa, mutumin da ya yi shekara 15 yana rubutu a biro ya tarar da waɗanda suka fara talla tun suna shekara 10, sun san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Da yawa jarin ya narke a hannunsu. Kasuwanci ilimi ne da ake koya a gaban wani, kuɗi kaɗai ba ya saye.

Mu da muke ƴan makaranta a shekarun 1990 mun ga sauran da idonmu. Albashi ya riƙa yin watanni bai fito ba, malamai na yajin aiki, shekarar karatu na lalacewa. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne wanda ya ɗauki nauyin. Mai kantin unguwa ne ya riƙa ba malami da ma'aikacin asibiti shinkafa da sabulu yana rubutawa a littafi. Ɗan kwangilar da ya yi wa makaranta tebura ya jira kuɗinsa har kafintocinsa suka watse. A waɗannan shekaru ƙaramin ɗan kasuwa ne ya ranta wa gwamnati, ba tare da an tambaye shi ba.

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: tamma 50 da ke sayen faran ɗaya na Faransa ta koma 100. Mai shigo da magani ko kayan gyaran mota ya kwana da jari ya tashi da rabinsa. Mai fitar da albasa da shanu da wake kuwa ya samu kasuwa. Babu wani asusun tallafi da ya taɓa sauya rayuwar ƴan kasuwa cikin dare ɗaya kamar yadda wannan sa hannu ya yi.

Akwati mai makulli uku

A daidai lokacin da bankuna ke rufewa, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara wani ɗan aiki da matan karkara a jihar Maraɗi, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Tushensa adashi ne da kakanninmu suka sani, aka yi masa gyara. Mata kamar 25 zuwa 30 su haɗu, kowane mako kowace ta zuba abin da aka yanka, a ajiye a akwatin ƙarfe mai makulli uku, kowane mabuɗi a hannun mace daban. Mai buƙata ta ranta a gaban kowa, ta mayar da ɗan ƙari. In zagaye ya cika, yawanci kafin damina ko gab da salla, a fasa akwati a raba. Ba a kawo musu jari daga waje ba, koyarwa kawai aka yi musu.

Wannan dubara da ta tashi daga ƙauyukan Maraɗi yau ana aiki da ita a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Dalilin ɗorewarta a fili yake. Kuɗin nasu ne, don haka ba mai cewa rabonta ne daga gwamnati. Mai ba da bashi ta san gidan mai karɓa. Lissafi a bainar jama'a ake yi. Abubuwan nan uku su ne BDRN ta rasa. Amma kada mu zuzuta abin fiye da kima. Akwati na iya sayen tunkiya ko buhun gyaɗa, ba ya iya sayen injin niƙa babba ko motar ɗaukar kaya. Tsakanin akwatin mata da ƙofar banki akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne mai walda da ke da yara 6 da mai gidan burodi da mai ɗinkin da ke son ƙara keke 5 suke tsaye har yau.

Daga 2011 zuwa yau

Gwamnatocin baya-bayan nan sun yi ƙoƙarin cike wannan fili. Bankin noma BAGRI ya fara aiki a 2011. A 2012 aka kafa Maison de l'Entreprise, inda ake yi wa kamfani rajista a wuri guda cikin kwanaki kaɗan, maimakon yawon biro-biro na da. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnati da bankuna suka sanar da rancen miliyar 150 na sefa ga kamfanoni, gwamnati na tsaya musu. Daga baya aka kafa FONAP don ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Sauƙin rajista ci gaba ne na gaske. Sai dai duk waɗannan suna neman takardun haraji da littafin lissafi da asusun banki, alhali mafi yawan masu sana'a a ƙasar nan ba su da ko ɗaya.

A cikin shekarun nan kuma abin da ya fi girgiza kasuwa daga iyaka ya zo. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, motoci suka yi layi a Ɗan Isa da Ƙonni. A Mayu 2023 ta cire tallafin man fetur, ƴan ruwa-ruwa suka ji a jikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, aka yanke lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, wanda a lokacin shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi. Mai ƙanƙara da mai walda da mai niƙa suka zauna suna kallon injinansu. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma wanda ya cinye jarinsa a waɗannan watanni ba a mayar masa ba. Waɗanda suka tsira, da yawansu da tsohuwar dubara suka tsira: ubangida ya ɗaga musu ƙafa, ɗan uwa a Kano ko Agadas ya turo wani abu, ko sun sayar da akuya sun sake farawa.

Abin da za a ɗauka

In aka jera waɗannan shekaru sama da 60, abu ɗaya ke ta maimaituwa. Taimakon da sai wani ya zaɓe ka kafin ka samu, yakan ƙare a hannun wanda ya riga ya fi ƙarfi, kuma yakan mutu tare da gwamnatin da ta kawo shi. Wanda kowa ke iya amfani da shi ba tare da neman alfarma ba, irin hanya da madatsar ruwa da lantarki da iyaka a buɗe, shi ke daɗewa.

Don haka masu tsara sabon asusu su fara da abin da ba ya buƙatar biki. Gwamnati da ma'aikatun magajin gari su biya ƴan kwangila a kan lokaci, don bashin da aka riƙe wa mai kafinta ya fi duk rancen da za a ba shi. A sa fatanti ya zama abu ɗaya sananne da mai shago zai iya lissafawa tun farkon shekara. A rage shingayen da ke tsakanin Galmi da bakin iyaka, tunda albasa ba ta jiran a gama ciniki da mai kaki. In za a ba da rance, a bi ta ƙungiyoyin da suka riga suka nuna shekaru suna biyan junansu, a karɓi littafinsu a matsayin shaida, kuma a riƙa bayyana wa jama'a nawa aka bayar, nawa ya dawo. Mu kuma a makaranta mu koya wa yara rubuta shiga da fita da raba jari da riba, don yawancin ɗalibanmu kasuwa da gareji za su, ba biro ba.

Ga layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Jirgin da ya iso Kano a 1911 ya kashe ayarin Damagaram, ya kuma haifi cinikin gyaɗa. Wannan ma in ya iso zai ɗaga wasu ya kayar da wasu. Ko mai tebur da mai ƙuli-ƙuli za su kasance cikin waɗanda zai ɗaga, ya danganta ga abin da aka shirya musu tun yanzu. Allah ya ba shugabanninmu ikon duba abin da ya wuce kafin su sa hannu a takarda ta gaba.